Manhaja da Magajinta

Akwai sana'o'in da mutum zai koya yana saurayi, ya tsufa da kayan aikin da ya fara da su. Rubuta manhajar kwamfuta ba ta cikinsu. Duk wanda ya shiga wannan sana'a a ƙarshen shekarun 1990 ko farkon 2000, in ya zauna ya lissafa abubuwan da ya ci abinci da su, zai tarar mafi yawansu sun kwanta dama. Visual Basic 6, wanda ya fito a 1998 ya ciyar da gidaje da dama a Kano da Kaduna, tun 2008 kamfanin Microsoft ya tsame hannunsa daga kula da kayan gininsa. Flash, wanda a da shafin intanet ba ya burgewa sai da shi, an sallame shi a ƙarshen 2020. A ranar farko ta 2020 ɗin kuma aka daina kula da Python 2. Wayoyin BlackBerry da na Nokia masu Symbian, waɗanda muka yi ta fafutukar gina wa manhaja, yau sai dai a kwalin tsofaffin kaya a kasuwar Farm Centre.

To, idan kayan aiki suna ƙarewa haka duk bayan 'yan shekaru, me ake tarawa a wannan sana'a? Da me wanda ya yi furfura a cikinta ya fi yaron da ya shigo bara, alhali wataƙila yaron ya fi shi sanin abin da ake yayi?

Mu da muka fara a wancan zamani, a takarda muka koyi kod. Malami zai tsaya gaban allo ya rubuta shiri na FORTRAN ko Pascal ko BASIC da alli, mu kwafa a littafi. A jarrabawa da biro ake rubuta shirin, malami ya bi da jan biro, ya zaftare maka maki saboda waƙafi guda da ka manta. Ɗakin kwamfuta akwai shi, amma ɗalibai sun ninka injinan sau ba adadi, ga NEPA ba ta da alƙawari. In rabo ya sa ka samu zaman awa guda, ba ka da lokacin lalube. Dole ka zo da shirinka a kammale, ka riga ka bi shi layi-layi a kanka, ka san abin da kowane layi zai haifar tun kafin ka taɓa madannai. Abin da ka rubuta kuwa a fulofi za ka adana shi, faifan nan mai cin megabayit 1.44 kacal, wanda hoto guda na wayar yau ba zai shige shi ba, wanda kuma ƙura da zafi kan lalata ba sallama.

Littattafanmu na fotokofi ne, kofin kofi, har wasu shafukan sun dushe. Intanet sai a kafe, ana biya da awa, masu dabara su jira dare da kuɗin ya fi sauƙi, su kwana suna sauke darasi. Saboda haka hadda ce jarin mai kod. Gwani shi ne wanda umarnin yaren ke kansa, ba ya buɗe littafi. Wannan ƙarancin ya ba mu abu mai daraja, wato iya tafiyar da shiri a ƙwaƙwalwa da haƙurin bin tangarɗa har gindinta. Amma ya hana mu wani abu da ba mu ma san mun rasa ba: yawancinmu ba mu taɓa ganin kod ɗin wanda ya fi mu iyawa ba. Kowa a ɗakinsa yake, kowa gwanin kansa.

Kasuwar ma ba ta wuce 'yan abubuwa ba: manhajar fitar da sakamakon jarrabawa ga makarantu masu zaman kansu, ta lissafin kaya ga kemis da shagunan sari, ta biyan albashi, ta ajiyar kuɗin ƙungiyoyin ma'aikata. Kusan duk Visual Basic ne a fuska, Access a ciki. Mutum ɗaya ne ke yin komai. Shi zai ji buƙata, shi zai rubuta, shi zai ɗauki faifan CD ya hau acaɓa ya je ya saka, shi zai koya wa sakatare, shi kuma za a kira in firinta ta ƙi.

A nan ne wata al'ada ta kafu, wadda har yau ba ta gama sakin sana'ar ba: ɓoye sani. Ba a ba mai kaya asalin kod, ba a faɗa masa kalmar sirrin rumbun bayanansa, ba a kuma rubuta ko shafi guda na yadda abin yake aiki. Kamar mai maganin gargajiya ne da ke daka saiwa ta koma gari don kada ka gane bishiyar, gobe ka sake dawowa wurinsa. Sai dai adalci ne a faɗi dalili. A lokacin, manhajar da mutum ya sha wahalar watanni a kanta, a yini guda za a kwafe ta a raba wa makarantun unguwa. Yarjejeniya da baki ake yi, cikon kuɗi kuwa sai an yi zarya har takalmi ya cinye. Sirrin nan shi kaɗai ne ke sa a ci gaba da ɗaga wayarka. Dabara ce ta kare kai, amma waɗanda suka biya kuɗinta su ne masu kayan, da kuma wanda duk ya gaji aikin.

Na taɓa gadon irin wannan a wata makaranta. Wanda ya gina musu manhajar ya samu aiki a kudu, lambarsa ta daina shiga, ga ƙarshen zango ya gabato. Mai makarantar, wata dattijuwa, ta nuna mini kwamfutar ta ce, “Ɗana, sakamakon 'ya'yan mutane na shekaru yana cikin akwatin nan. Ni ba sabon abu nake nema ba, a buɗe mini nawa kawai.” Na ce, “Hajiya, buɗewa ba za ta gagara ba in Allah ya yarda. Gane abin da ke ciki, shi ne aikin.” Kod ɗin ba shi da laifi, mai shi ya iya aikinsa. Amma akwai wani wuri da ake ƙara wa wasu ɗalibai maki biyar, ba a faɗi dalili ba. Kuskure ne? Maguɗi ne? A cire ko a bari? Sai da aka nemo wani tsohon malami, ya tuna cewa a wata shekara hukumar makarantar ta yanke shawarar ba ɗaliban da ba sa fashi ladan halarta. Da an rubuta jimla guda a gefen wannan layi, da an hutar da mutane zargi da zulumi. Kod yana faɗin abin da inji zai yi, amma ba ya faɗin abin da ya sa mutane suka so a yi hakan, kuma wannan dalilin shi ke fara ɓacewa.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. A 2001 aka ba da lasisin GSM a Najeriya, layin waya ya fito da tsadar da ta fi albashin ƙaramin ma'aikaci, sannan a hankali ya shiga aljihun kowa. A 2010 igiyar Main One, wadda aka shimfiɗo ta ƙarƙashin teku daga Fotugal, ta fara aiki a Legas, kuɗin intanet ya kama hanyar sauka, ko da yake kafin sauƙin ya hauro arewa an ɗan jima. A tsakanin nan kuma, can waje, ana ta haɗa abubuwan da za su canza fasalin sana'ar baki ɗaya. A 2005 Linus Torvalds ya samar da Git, hanyar adana tarihin kowane gyara da aka yi wa kod, da sunan wanda ya yi shi da bayaninsa. A 2008 kaɗai aka buɗe GitHub, aka buɗe Stack Overflow, wayar Android ta farko kuma ta shiga kasuwa. Cikin 'yan shekaru, yaron da ke Fagge ko Tudun Wada ya samu abin da malamansa ba su samu ba: yana iya buɗe kod ɗin gwanayen duniya ya karanta, kyauta.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara leƙa waɗannan manyan ayyuka da ake yi a fili shi ne yawan rubutun da ke cikinsu. A aikin Linux, wanda Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, mutum ba ya turo gyara haka tsurarsa. Sai ya haɗa da bayani: ga matsalar, ga yadda za a gan ta, ga dalilin da ya sa na bi wannan hanya na bar waccan. Gyara mai kyau in ya zo da bayani maras kan gado, mayar maka da kayanka za a yi. Dubban mutane ne da ba su taɓa haɗa ido ba, wani na barci wani na farkawa, kuma rubutu ne ya riƙe aikinsu wuri guda. Hatta tambaya sai an koya. Wanda ya ce abu ya ƙi aiki a taimaka masa, ba mai waiwayarsa. Wanda ya ce ga abin da nake so, ga abin da na gwada, ga saƙon da injin ya fitar, ga sigar da nake amfani da ita, kafin shayinsa ya huce an amsa masa. Sau da yawa ma yana cikin tsara tambayar amsar za ta faɗo masa.

Darajar hadda ta faɗi ke nan. Abin da a da ake kwana ana haddacewa, yanzu yana nan a gaban kowa. Gwaninta ta koma iya karatu: ka buɗe kod ɗin da wani ya rubuta ka gane nufinsa, ka duba ɗakunan kod goma da ke yin aiki iri ɗaya ka san wanda za a dogara da shi. Kuma abin da ke sa a zaɓi ɗaya a bar tara, galibi takardun bayaninsa ne. Na sha ganin an ajiye kayan aiki mai inganci an ɗauki wanda bai kai shi ba, don kawai na biyun ya nuna yadda za a fara da shi a shafi guda.

Rubutun fasaha sana'a ce mai ƙa'idojinta, kuma ba sabuwa ba ce. Littafin yaren C da Brian Kernighan da Dennis Ritchie suka fitar a 1978 siriri ne, amma har yau ana ba da misali da shi, domin kowane darasi da ɗan ƙaramin shiri yake zuwa, wanda mai karatu zai buga ya ga sakamako da idonsa. Ƙa'idojin da aiki ya koya mini ba su yi nisa da wannan ba. Ka san wanda kake rubuta wa, kuma mafi yawan lokaci mutum ne gajiyayye, abu ya tsaya masa da tsakar dare, oga yana ta kira; ba tarihin manhajarka yake so ba, mataki na gaba yake nema. Ka raba takardar mai koyo da ta mai neman tuni, domin wanda ke son a kama hannunsa da wanda ke son a tuna masa sunan umarni ɗaya ba tafiyarsu ɗaya ba. Kowane mataki da ka rubuta, ka gwada shi a kan kwamfutar da ba a taɓa saka komai a kanta ba, domin taka ta san abubuwan da ka manta ka faɗa. Ka guji cewa abu mai sauƙi ne. In ya gagari mai karatu, ka ƙara masa kunya a kan wahala. Saƙon da manhaja ke nunawa in an samu tangarɗa, shi ma rubutu ne, kuma ya kamata ya faɗi abin da ya faru da abin da mutum zai yi yanzu.

Mafi wuyar ƙa'ida ita ce bayani ya zauna daidai da kod. Takardar da ta tsufa ta fi rashin takarda haɗari, domin an yarda da ita. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter yana dab da shiga zagayen duniyar Mars. Bincike ya nuna cewa wata manhaja tana fitar da lissafin ƙarfin tunkuɗa da awon fam na Ingilishi, wadda ke karɓa kuwa tana ɗaukarsa da awon mita. Takardar ƙa'idar aikin ta ce da awon mita za a yi. An rubuta, amma ba a bi an tabbatar kod ya yi biyayya ba. Shi ya sa a wuraren da suka san abin da suke yi, takardun bayani a rumbu ɗaya suke zama da kod, kuma ba a karɓar gyaran ɗaya sai da gyaran ɗayan.

Mu masu gina wa Bahaushe manhaja muna da ƙarin namu nauyin. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun daɗe da samun gurbi a tsarin Unicode, amma shekaru aka yi ana fama da rubutun da in ya bar kwamfutar da aka buga shi sai ya koma akwatuna da alamun tambaya. Har yau da sauran rina a kaba. Saƙon tes na cin harafi 160, amma da zarar ƙ guda ta shiga, sai ya koma wani tsarin da ke cin 70 kacal, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗin turawa ya ninka. Shafin USSD, irin wanda ake danna tauraro da lambobi a tura kuɗi, bai wuce harafi 182 ba. Wanda zai gaya wa manomi ranar karɓar taki, ko ya tuna wa mai juna biyu ranar awo, a cikin wannan ɗan fili zai yi, da Hausar da ba ta buƙatar tafinta. Ban san wani horo na rubutu da ya kai wannan tsanani ba.

Da aikin nesa ya buɗe, sai rubutu ya zama fuskar mutum. Andela ta fara a Legas a 2014 tana horar da matasa tana haɗa su da kamfanonin waje. Paystack, wanda 'yan Najeriya biyu suka kafa a 2015, kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. A shekarar ce kuma annobar korona ta mayar da ofisoshin duniya cikin ɗakunan kwana. Yanzu akwai matasa a Kano da Zariya da Jos da ke yi wa kamfanonin Turai da Amurka aiki, da sola a rufin ɗaki da laftof a cinya. Shugabansu bai taɓa ganin yadda suke gaisuwa ba, bai san gidansu ba. Abin da suka rubuta kawai ya sani: bayanin gyara, rahoton ƙarshen yini, amsar da suka ba abokin aiki. Ƙofar kuma ba ta tsaya a buɗe yadda take ba. A 2019 ita kanta Andela ta sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400, ta ce kasuwa masu gogewa take nema.

Sai ga ƙirƙirarriyar basira. A 2021 Copilot ya fara cike wa mutum layin kod tun bai gama bugawa ba, a watan Nuwamba na 2022 kuma ChatGPT ya fito. Aikin da a da za a ba sabon shiga ya yini a kai, yanzu inji na zubo shi kafin a tashi daga kujera. Ba na cikin masu cewa sana'ar ta ƙare, ba na kuma cikin masu cewa ba abin da ya canza. Buga kod ya yi araha. Abin da ya yi tsada shi ne faɗin ainihin abin da ake so ba tare da gurbi ba, da kuma iya karanta abin da injin ya kawo a gane inda ya yi ƙarya cikin ladabi. Duka biyun tsofaffin ƙwarewa ne, ɗaya ta marubuci, ɗaya ta mai bin layi-layi a ka. Fargabata tana ga masu tasowa. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, abu ne mai kyau. Amma ƙananan ayyukan da ake gogewa da su, su ne injin ya fara ɗauka. Wanda bai taɓa kwana yana farautar tangarɗa da kansa ba, da wane ido zai duba aikin inji?

Kod kuwa yana da tsawon rai fiye da yadda masu rubuta shi ke zato. A watan Afrilu na 2020, da masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa kwamfutocin jihar New Jersey yawa, gwamnan jihar ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, yaren da aka tsara tun 1959. Yayi yana wucewa, amma abin da aka gina da shi yana nan yana biyan albashi da fansho, yana jiran wanda zai gane shi. Duk mai rubuta manhaja yana da magaji, ko ya sani ko bai sani ba, kuma amana ce ya bar masa abin da zai kama. Shi ya sa in matashi ya kawo mini aikinsa, ba na fara tambayar yaren da ya yi amfani da shi. Nakan ce, “Malam, ba abokinka takardar da ka rubuta, ya je ya saka manhajar a kwamfutarsa, kai kuma ka kashe wayarka.” Abin da ya biyo baya shi ke nuna inda ya kai.

Amsar da na tsaya a kanta ke nan. Abin da shekaru ke tara wa mutum a wannan sana'a shi ne iya zama da mutane ya fahimci lamarinsu, sannan ya faɗe shi dalla-dalla yadda inji zai bi, baƙo kuma ya gane. A nan ne ma nake ganin rabonmu. Injin nan na ƙirƙirarriyar basira daga abin da mutane suka rubuta ya koya, kuma mafi yawan yadda muke tafiyar da harkokinmu ba a rubuce yake ba. Yadda ɗan Kantin Kwari ke ba da kaya bashi a kan amana a biya bayan an sayar, yadda ake lissafin dila da turmi da yadi, yadda la'adar dillali ke fita a Dawanau, yadda buhu ke komawa kwano da tiya, yadda uwar adashi ke sauya kwasa in wata ta shiga matsi, duk waɗannan ƙa'idoji ne masu tsari, amma a bakin masu su suke. Manhajar da aka gina ba tare da su ba, 'yan kasuwa kan gwada ta mako guda su koma littafinsu. Sai wani ya je ya zauna a bakin shago, ya yi tambaya, ya saurara, ya rubuta, ya dawo ya karanta wa mai shagon ya ce haka ne ko ba haka ba ne. Wannan aiki masu yinsa ba su da yawa tukuna, kuma ba daga waje za a zo a yi mana shi ba.